Tsakanin kaset ɗin ADAT da na'urar had-dis, abin da na gani a ɗakina

Salamu alaikum jama'a. Wani ƙanena da ke shirin haɗa ɗan ƙaramin situdiyo a gida ne ya turo min hoton wata tsohuwar ADAT, na'urar ɗaukar sauti ta situdiyo mai amfani da kaset ɗin bidiyo, da akace za'a sayar masa da araha, yana tambaya ko ya saya, har mai sayarwar yace masa wai sautin kaset yafi na had-dis nauyi da ɗumi. Wannan maganar ce tasa na zauna nake rubuta wannan, don ni na daɗe ina aiki da ADAT guda biyu a ɗakina anan Kaduna kafin daga baya na koma HD24, na'urar kamfani ɗaya da ADAT, wato Alesis, mai ɗauka a kan had-dis maimakon kaset, kuma aikina ba irin na kiɗan kwamfuta bane da mutum ɗaya zai zauna da fiyano ya gama komai, ni mutane ne ke shigowa da kalangu da gurmi, wani lokacin masu mandiri da 'yan amshi, a jera makirfo a ɗauka gaba ɗaya.

Maganar ɗumin nan dai babu ita. Ɗumin da tsofaffin injiniyoyi ke magana a kai na tef ɗin analog ne mai faifai biyu, wanda zaren kansa ke ɗan matse sauti idan ka tura masa da ƙarfi. ADAT kuwa lambobi take rubutawa kan zare, sifili da ɗaya, daidai da yadda had-dis ke yi, zaren wurin ajiya ne kawai. Idan kaji bambanci a kunne to daga abin da ke juya sauti ya koma lamba ne, kuma a nan ɗin ma sabuwar ce ta gaba. ADAT ta farko da Alesis suka nuna a 1991 ta shiga kasuwa a 1992 bit 16 ce, daga baya XT20 da LX20 suka zo da bit 20, ita kuwa HD24 bit 24 ce, kuma yawan bit shi ke nuna yadda na'ura ke iya kama sauti mai rauni da mai ƙarfi tas. A kiɗan gurmi nafi jin wannan, lokacin da mai gurmin ya saki tsirkiya sautin na mutuwa a hankali, a bit 24 zaka iya rage ƙarfin shiga ka bar sarari saboda dukan kalangu kuma wutsiyar sautin ta fito tas.

Amma fa ba zan raina ADAT ba, wallahi na'ura ce da ta buɗe wa talaka ƙofa. Lokacin da ta fito dala 3,995 ce, layi 8, wato sauti takwas kowanne daban, kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS, a zamanin da na'urar dijital mai layi da yawa sai manyan situdiyo, kuma ana iya jona guda 16 su bada layi 128. Kishiyarta Tascam DA-88 ta biyo baya a 1993 da ƙaramin kaset na Hi8 mai ɗaukar minti 108, na taɓa yin aikin kwana biyu da ita a wurin wani abokina naji daɗin saurinta. Duka biyun an daina ƙera su tuntuni, duk wadda ka gani yau ta hannu ce, ta sha aiki a ƙasar waje kafin ta iso Legas.

Wahalar kaset tun kafin a fara waƙa take somawa. Sabon kaset sai ka tura shi har ƙarshe ka dawo da shi don zaren ya saki jiki, sannan kayi masa fomat, shi kuma fomat ɗin tsawon kaset ɗin yake ci, ba danna maɓalli bane ya gama. Kaset ɗin da a bidiyo zai baka awa uku, irin mai 180 a jiki, a ADAT minti 40 da 'yan kai ne saboda zaren gudu yake yi sosai. Kuma ba kowane kaset ɗin bidiyo ba, dole S-VHS, wanda ko a lokacin da kasuwar kaset ke ci a Kano da Kaduna ba kowane shago ke da shi ba balle yanzu. Ni da nake da inji biyu, layi 16 kenan, kowace waƙa kaset biyu take ci, kuma duk sanda mawaƙi yace Malam a mayar dani baya, sai na mayar, in jira na biyun ya bi na farkon su daidaita, 'yan daƙiƙu ne amma ka lissafa sau hamsin a wuni. Abin da yafi damuna shine mawaƙin gargajiya idan jikinsa ya ɗau zafi ba'a son a tsayar da shi, baitin da yazo masa yanzu idan ka sa shi jira zai iya guduwa, na sha ganin fuskar mutum ta canza yana riƙe da hedifon yana jiran zare ya gama juyawa.

Sai ƙura. Duk wanda yake arewa yasan hunturu, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma da safe zaka iya rubuta sunanka akan miksa. Cikin ADAT kuwa kayan bidiyo ne zalla, hed mai juyawa da robobi da ƙafafun da ke zaro zare daga kaset su naɗa, ƙura na hawa hed sai kaga fitilar kuskure tana ƙiftawa, idan abin yayi yawa sauti ya ɗan yanke. Wata rana cikin sanyi bayan mun gama ɗaukar wata ƙungiyar masu bege, mutum tara, wasu daga Zariya suka taso, na danna a fito da kaset sai ya fito da zare a waje ya tattare kamar an tauna. Robar da ke jan zaren ce ta tsufa ta bushe, zafi da shekaru sun cinye ta, ni kuma ban canza da wuri ba. Wajen rabin minti na muryar jagoran ya tafi. Na kira shi nace Malam kayi haƙuri ga abin da ya faru, yace ba komai Allah ya ƙaddara, amma ni kwana nayi ban yi barcin kirki ba, don kuɗin motarsu kaɗai nasan yadda suka haɗa shi. Su kuma masu gyaran bidiyo da suka san irin wannan aikin sun ƙare, dattijon da ke duba min ya koma gyaran talabijin da risiba, yace kaya basa samuwa.

Da na kawo HD24 abu na farko da ya burgeni shine ban sake koyon komai ba, maɓallanta kusan irin na ADAT ne, har babban rimot ɗin ADAT mai suna BRC tana karɓa. Layi 24 a akwati ɗaya, aljihu biyu na saka had-dis a gaba kamar durowa. Ka danna komawa farko ta koma nan take, babu jira, mawaƙi bai ma sauke numfashi ba mun sake shiga. Lissafin wuri kuma mai sauƙi ne, layi 24 a bit 24 da 48kHz yana cin kusan megabait 207 a minti, awa ɗaya giga 12 da ɗan ɗori, kenan had-dis mai giga 80 zai baka sama da awa shida, abin da a kaset sai ka tara kwali guda. Akwai yanka da kwafi da mannawa a ciki, idan amshi yayi kyau a wuri ɗaya zaka iya ɗaukarsa ka kai wani wurin, ko da yake ni ban cika yi ba don amshin mutane tara da aka manna kunne yana ganewa.

Ita ma tana da nata. Babu wurin jona makirfo kai tsaye, dole miksa mai kyau kamar dai ADAT, kar wani ya saya yana zaton ya gama sayayya. Fanka da had-dis suna ɗan huci, a ɗaki ɗaya irin nawa da mawaƙi da inji duk wuri guda sai da na yi mata akwatin katako na kai ta lungu. Idan ka ɗauka akan layin da ke da abu, na da ya tafi kamar a kaset, ba irin Roland VS-880 ba da ke ɓoye maka ɗauka takwas ƙarƙashin kowane layi. Had-dis ɗin da take ci kuma tsohon yayi ne na IDE, yanzu sai an tona, ko ka nemi abin jona sabon yayi na SATA. Tura waƙa zuwa kwamfuta ta wayar netwok ɗinta akwai jinkiri sosai, gara ka zare had-dis ɗin ka karanta shi a kwamfuta, ita ma kwamfutar ba zata gane shi haka kawai ba don tsarin rubutunsa daban ne, sai da manhaja, kuma idan ta tambayeka ko tayi masa fomat kar ka kuskura kace eh.

Babban wurin da kaset ya doke had-dis a wajena shine ɗaukewar wuta. Idan wuta ta tafi kana ɗauka a kaset, abin da ya hau zare ya hau, iyaka kaset ya maƙale a ciki har wuta ta dawo. A had-dis kuwa sai ka danna tsayawa take rubuta tsawon waƙar. Ranar da abin ya sameni muna minti na goma sha wani abu a wata doguwar waƙar biki, ɗif aka ɗauke, na tada janareta na kunna naga waƙar kamar ba'a taɓa ɗaukar komai ba, gabana ya faɗi. Allah ya taimaka ban sake ɗaukar komai a kan had-dis ɗin ba, na zare shi na ajiye, washegari da wata manhaja ta kyauta mai suna HD24tools na ciro sautin gaba ɗaya, ashe yana nan sunansa ne kawai bai shiga rajista ba. Wannan ba laifin inji bane, halin wutarmu ne, tun ranar na sayi UPS kuma bana danna jan maɓalli sai yana kunne. Kuma kaset ɗaya idan ya lalace waƙa uku ko huɗu ka rasa, had-dis ɗaya idan ya faɗi ƙasa aikin wata shida ne, shi yasa duk daren da muka yi aiki sai na kwafa zuwa aljihu na biyu kafin na kwanta, ko da ƙarfe biyu ne.

Abin da na faɗa wa ƙanen nawa shine kar ya sayi ADAT don fara sabon aiki ko da kyauta aka bashi, kuɗin kaset da gyara zasu fi kuɗin injin. Idan ƙungiya zai riƙa ɗauka kai tsaye ya nemi ta had-dis, idan kuma shi kaɗai ne da mawaƙi ɗaya ma laftof da ƙaramin sawun-kad sun ishe shi. Wanda kawai zance ya sayi ADAT shine mai tsofaffin kaset a kwali da ke ɗauke da muryoyin mutane, wasu ma sun rasu, don zare baya jira, damina na sa masa danshi ya fara mannewa. Ni dai cikin biyun nawa na sayar da ɗaya na bar ɗaya saboda haka, na jona ta da HD24 da wayar haske da wayar daidaitawa, layi takwas-takwas nake kwashewa, kowane kaset sai ka zauna minti arba'in ɗinsa cif. Saura kaset 23 a kwalin, cikinsu akwai na wani tsoho mai kukuma da 'ya'yansa suka zo har gida sau biyu suna tambaya, nasa na ware zan fara da shi ranar Asabar idan robar da na aika a nemo min a Legas ta iso.