Gargaɗi ga masu zuwa Guangzhou: ku kula da mai tallar "zanen 'yan zuhudu"

Salam jama'a, dan Allah duk mai zuwa Guangzhou saro kaya ya tsaya ya karanta wannan, ni abin ya ci ni shi ya sa nake magana. Akwai wani dillali da ke yawo wajajen Xiaobei inda mutanenmu ke sauka, yana jin Turanci sosai har Hausa yana ɗan taɓawa, sai ya ja ka gefe ya warware maka wata doguwar takarda da aka naɗe kamar tabarma, ta yi ja ta tsufa har da cin gara a gefe, a jiki tsuntsu ne ɗaya tsaye kan dutse ya juya ido sama. Zai ce maka zanen Bada Shanren ne, wani shahararren mai zane na China na zamanin da, wai gadon gidansu ne matsi ya sa zai sayar, kai kuma in ka kai Dubai ko Landan za ka ninka kuɗinka sau goma. Dala 1,500 na ba shi wallahi, kuɗin da na ware na kayan waya.

Abin da ke sa mutum ya faɗa shi ne labarin da yake bayarwa gaskiya ne. Bada Shanren sunansa Zhu Da, an haife shi 1626 a Nanchang, jinin sarautar daular Ming ta China ne, da daular ta faɗi a 1644 ƙabilar Manchu masu daular Qing suka karɓi mulki sai ya shige gidan ibadar Buda ya zama ɗan zuhudu. Ba shi kaɗai ba, malamai da yawa haka suka yi saboda a 1645 an tilasta wa maza aske gaban kai da barin kitso irin na Manchu, shi kuwa ɗan zuhudu dama kansa a aske yake ƙwal, to ta nan suka tsira ba su yi mubaya'a ba. Shitao ma, wani mai zane ɗan zuhudu, ɗan sarautar ne, yana ƙaramin yaro aka gudu da shi. Mutanen nan sun sha wuya, wani ɗan zuhudu Hanke har garin Shenyang can arewa aka kora shi saboda abin da ya rubuta kan faɗuwar daular, kuma abin da ya fi ƙona min rai kenan, wahalarsu ce wani ya mayar jarin damfara.

Ɗan yayata da ke karatu a Nanchang na tura wa hoto, ya kai wa malaminsa. Malamin kallo ɗaya ya yi ya ce na bogi ne, shekarar da aka rubuta a jiki ta riga lokacin da mutumin ya fara sa hannu da sunan Bada Shanren, don sai wajen 1684 ya fara. Jan da takardar ta yi kuma ruwan shayi ne da hayaƙi, da na shinshina da kyau kuwa ƙaurin na nan. Ya ce ko ƙwararru an sha yaudara, wani mai zane Zhang Daqian ya kwaikwayi zanen Shitao har manyan masana suka ɗauka na asali ne, balle mu 'yan kasuwa.

Sannan ga wanda dillalin ba zai taɓa faɗa maka ba, dokar China ta hana fita da kayan tarihi da suka girmi 1911, kenan da ma na gaske ne kwastan za su riƙe shi a filin jirgi kai ma ka shiga uku.

Na koma nemansa lambar a kashe, WeChat ya toshe ni, mai masaukinmu ya ce ni ne na uku da ya zo da irin wannan kukan. Yanzu kuma na ji ya fara turo hotunan a gurup-gurup na WhatsApp yana cewa a tura rabin kuɗi zai saka a kwantena. Kar wanda ya tura ko sisi, ku tura wannan ga 'yan uwa masu shirin tafiya.