Baiwa Ko Dama: Wacce Ke Ɗaukaka Mutum?

Masu cewa baiwa ce, Ramanujan, shahararren masanin lissafi, suke kafa hujja da shi. Akawu ne a tashar jiragen ruwan Madras ta Indiya, kwaleji ma bai gama ba, amma yana cika littattafai da lissafin da ya gagari malamai. Takarda ta yi masa tsada, a allo yake aiki, yana gogewa da gwiwar hannu. Wannan kam ba koyarwar kowa ba ce.

Ni dai na fi karkata ga dama. Shi Ramanujan ɗin ya rubuta wa malamai biyu a Ingila bai samu biyan buƙata ba, sai da Hardy, malamin lissafi na jami'ar Kambrij, ya natsu ya karanta wasiƙarsa a 1913. Da ta faɗa kwandon shara fa?

Napoleon, wanda ya mulki Faransa, ma haka. An haife shi a Kosika a 1769, shekara guda bayan tsibirin ya koma hannun Faransa. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya sa hafsoshi 'ya'yan sarauta suka yi ta tserewa, muƙamai suka zama ba masu riƙe su, ya zama janar yana da shekara 24. Kaifin basira yana da shi, ba musu. Amma da ya riga zuwa duniya da shekara talatin, ko a ƙarƙashin mulkin Faransa ma ba za a haife shi ba.