Haramta cakulan ko yanka masa ƙa'ida?

A unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru akwai mata biyu masu son rage ƙiba, kowacce da yadda take yi da cakulan.

Ta farko ta rantse ta bar shi kwata-kwata. Takan jure kwana biyar, wani lokaci mako guda. Ranar da ta hango cakulan Mambo a kanti sai ta saya, ta cinye a ɓoye, ta kwana tana zagin kanta. Washegari ta ƙi karya kumallo wai don ta biya bashi. La'asar na yi yunwa ta ci ƙarfinta, ta faɗa wa ƙosai da zoɓo mai zaƙi. Jin laifin nan shi ke mayar da ita kanti.

Ta biyu ta ce ba za ta haramta wa kanta halal ba. Bayan abincin rana, ciki a cike, takan ɓallo ɗan yanki, ta miƙa wa yara sauran. Giram 100 na cakulan na da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) fiye da 500, nata rabon bai wuce giram 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, kusan giram 50 ga babba. Da ta yi lissafi, ashe shayinta na safe mai cokali huɗu ne ɓarawon, sai ta mayar da shi cokali ɗaya.

Ni dai ina bayan ta biyu. Mai ciwon sukari kuwa, likita ne zai yanka masa nasa rabon.