Kirayon, fenti ko kwaɓin fulawa: wanne za ki saya ku zauna da yaronki?

Duk wadda ta shiga shagon kayan makaranta da niyyar sayo wa yaro abin zane ta san yadda ido ke ruɗewa. Ni dai tambaya ɗaya nake yi wa kowane kwali kafin in ciro kuɗi: wannan zai sa in zauna a tabarma tare da shi, ko zan miƙa masa ne in koma kicin? Da wannan ma'aunin na gwada su.

Kirayon shi ne mafi sauƙin farawa. Ga ɗan shekara 2 zuwa 3, ki nemi masu kauri, domin siraran karyewa suke tun ranar farko. Crayola da Faber-Castell launinsu na fita sosai, masu arha kuma sai an danna da ƙarfi, yaro ya gaji. Kada ki bar su a taga ko cikin mota a zafin Afrilu, narkewa suke. Fensir mai kala ya fi dacewa daga shekara 5, amma fiƙewa ba ta ƙarewa. Maka kuwa, wato biron nan mai kala da murfi, ban cika so ba, an manta murfi sau ɗaya lokacin hunturu ta bushe.

Abin da ya fi kirayon ɗin muhimmanci shi ne takardar. Littafin da aka riga aka zana hotuna yana riƙe yaro shiru, amma ba ya kawo hira. Farar takarda, ko bayan tsohuwar kalanda, ita ke buɗe baki. Wata rana 'yata ta zana gidanmu, ta ajiye kanta can gefe ita kaɗai, ni kuma da jariri a goye. Na ce, "Uwata, me kike yi a nan?" Ta ce, "Ina jira ki sauke shi, Umma." Wata biyu ina ganin rigimarta ban gane ba sai ranar. Tun daga nan na daina cewa "me kika zana?", sai in ce "ba ni labarinsa".

Fenti na ruwa yana da daɗi, amma ki auna haƙurinki tukuna. In za ki yi ta tsawa kan riga da siminti, bar shi. In kin shirya, a tsakar gida, da tsohuwar riga, ki shafa wa tafinki da nasa ku buga a kwali gefe da gefe. Fentin gini ko na mai kada ya kusanci yaro.

Wanda na fi ba wa maki shi ne abin mulmulawa. Play-Doh yana da laushi da kala, sai dai tsada, kuma in an bar shi a buɗe ya taurare. Na gida bai da wuya: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ɗan man gyaɗa, ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya daina kama hannu, sannan kalar abinci in kina da ita. Wasan tun daga kwaɓin yake farawa, shi yana zuba, ke kina juyawa. Ki dai kula kada ya ci, gishirin ya yi wa cikin yaro yawa. Da damina kuma ga yumɓu kyauta, irin wanda muka yi shanu da 'yan tukwane da shi muna yara. Hannu huɗu a cikin kwano ɗaya, ba mai iya riƙe waya.

Duwatsun ado da ake shiryawa a zare suna da kyau ga 'yan mata masu shekara 6 zuwa sama. In akwai mai rarrafe a gidan ki haƙura, haɗiyewa yake ko ya tura a hanci. Shi ya sa ake buga alamar 0-3 da jan layi a kwalin irin waɗannan kayan. Ki duba ta, ki duba ko an rubuta cewa ba guba a ciki.

Lalle fa? Riƙe hannun 'yarki kina zana mata fure abu ne mai sanyaya rai, amma jan lalle na ganye kawai. Baƙin da ake haɗawa da dayis yakan ƙunshi sinadarin PPD mai ƙona fata. Jarirai da yaran da likita ya ce suna da ƙarancin G6PD, wani sinadarin jiki mai kare ƙwayoyin jini, ko jan ma kada a sa musu, yana iya fasa musu ƙwayoyin jini.

In kuɗin na abu ɗaya ne, ki ɗauki kirayon masu kauri, ki tara takardu, fulawa kuma tana kicin. Bayan la'asar, kafin a ɗora tukunyar dare, minti 20 sun isa.