Akwatin fata da na sa aka yi wa maigida na ƙaramar Sallah

Tun da aka shiga goman tsakiya na azumi nake tunanin abin da zan ba maigida, don wannan ce Sallarmu ta farko a ɗaki ɗaya. Ban so in sayi irin kwalin nan mai ƙyalli da ake ɗaure wa kintinkiri, wanda ana buɗewa sai kwandon shara. Abin da zai zauna nake so. Sai ƙanwar babana ta haɗa ni da wani baduku da ke kai kaya Kasuwar Kurmi, ta ce shi ya yi mata tumtum shekarun baya kuma har yau bai fashe ba.

Muka yi magana ta WhatsApp, na faɗa masa akwati nake so na katako mara nauyi, a lulluɓe shi da jar fatar akuya, a yi dagin Arewa a marfi, a sa harafin farko na sunan maigida a ƙasa. Cikin kuwa na ce ya bar mini, ni zan yi da hannuna. Na ba da kafin alƙalami, ya ce 25 ga watan azumi zai iso. Kuɗin dai kun san yadda aikin fata ya koma, ban yi ciniki sosai ba.

Bai iso ba sai ranar jajiberi bayan la'asar, a hannun wani ɗan sahu. Na yi fushi, amma ina kwance ledar fushin ya tafi. Wallahi aikin ya yi kyau. Ɗinkin gefen nan da zaren fata aka yi shi, a jere kamar an auna, ko ina ka shafa ba ka jin gam ya tsattsafo. Dagin ba fenti ba ne, yanka fata aka yi baƙa da koriya aka jera a kan ja. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na yanka kwali na raba cikin gida uku, na shimfiɗa auduga, na yi shafi da ragowar farar shaddar da aka ɗinka masa kayan Sallah. Gida ɗaya na sa hula zanna fara mai ruwan toka da na yi wata biyu ina tara kuɗinta, ɗaya turare da carbi, na ƙarshen dabino ajwa da 'yar wasiƙa da na rubuta sau uku kafin ta yi mini. Na rufe na tura ƙarƙashin gado. Na ɗan ji warin fata a lokacin, amma ga ƙamshin miyar Sallah ya cika gidan, ga gajiya, na ɗauka ƙamshin sabon abu ne kawai.

Da ya dawo daga Idi na miƙa masa. Yana ɗaga marfin wani wari ya bugo mu, irin wanda duk wanda ya taɓa bi ta wajen majema ya sani, na fatar da ba ta gama shan iska ba. Kwana ɗaya a rufe cikin zafin nan, warin ya shige komai. Hular ta ɗauka, wasiƙar ta ɗauka, dabinon kuwa ya sa guda a baki na ga yana ƙoƙarin haɗiyewa don kada in ji ba daɗi. Ya yi ta godiya, yana cewa bai taɓa samun kyauta irin wannan ba, na kuma san har zuciyarsa yake faɗa. Amma ni hawaye ne suka zubo mini. Na so ya sa hular nan mu je gaida Hajiya da yamma, dole ya sa tsohuwa.

Bayan hawan Daushe na kira badukun. A nan ne zan yaba masa: bai yi gardama ba, bai ce laifina ba ne. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, fatar da na tanada ta ƙare a aikin Sallah, wannan sabuwa ce na karɓo." Ya yi mini bayani cewa fatar da aka jeme da bagaruwa tana buƙatar kwanaki a inuwa, a buɗe, kafin a rufe wani abu a cikinta, kuma kada a kai ta rana don bushewa take ta tsage. Na yi yadda ya ce, mako guda a buɗe a baranda, sannan na kifa shi a kan kabbasa na turara da turaren wuta sau uku. Yanzu in ka buɗe ƙamshi ne mai daɗi, na fata da sandal a haɗe. Maigida a ciki yake ajiye agogo da zobensa na azurfa, duk abokin da ya gani sai ya tambayi inda aka yi.

Har na yi niyyar in ce kowa ya je wurinsa ido rufe. To amma wannan bayanin da ya yi mini bayan Sallah, me ya hana shi yi ranar da ya aiko? Saƙo ɗaya ya isa. Da na sani da na ba da akwatin a buɗe, kayan a gefe. Kuma da na ciro hular don kai wa mai wankin hula, sai ga jan layi a gefenta, daidai inda ta taɓa bakin marfi. Rinin yana zuba. Tun farko na tambaye shi ko da karan dafi aka rina, ya ce ƙwarai, yanzu da na tura masa hoton sai ya ce wai an ɗan haɗa da galura. Mai wankin ya yi iya ƙoƙarinsa, layin ya dushe amma bai fita ba, duk ranar Juma'a in maigida ya sa ta idona a wurin yake.

Hannunsa na da kyau, wannan ba zan ɓoye ba, kuma ƙawata da ke son yi wa angonta na Babbar Sallah na ba ta lambarsa. Sai dai na ce mata ta ba da aikin tun watan Shawwal, ta karɓa da sauran makonni, ta goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a jikin fatar a gabansa kafin ta cika masa kuɗinsa.