Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi: ku kula da mai tallar "buhun gauraye"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu wannan aikin hannu a Bauchi, Gombe da kewaye. Akwai wani mutum da ke tallar kayan haɗa ƙananan tankoki da motocin sulke na roba (waɗanda ake sayar da sassansu a kwali mutum ya haɗa da kansa) a Facebook da WhatsApp, yana cewa kwantena ta iso masa daga Japan da China. Abin da ya fi tallatawa shi ne wani ƙunshi da ya sa wa suna "buhun gauraye", wai tarkacen sassa ne daga kwalaye daban-daban, musamman domin masu haɗe-haɗe. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi. Ya riga ya cuci wasu daga cikinmu, kuma ƙunshi biyu da ya aiko sun zo hannuna na zazzage su na duba ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan rubuta sunansa ko lambar asusunsa a nan ba. Sunan shafinsa yana canzawa, kuma sunan da ke kan asusun da ake tura kuɗi ya bambanta daga wannan mai saye zuwa wancan. Yana yiwuwa asusun wani bawan Allah ne da aka ara ko aka yaudara, ba kuwa zan ɗora wa mutum sata a bainar jama'a ban tabbatar ba. Abin da ba ya canzawa shi ne salon damfarar, shi zan bayyana.

Mutumin nan ya san mu. Wanda ya sayi kwali domin ya haɗa tankar T-55 yadda take a zahiri yana da takardar bayani, yana da jerin sassa, idan abu ɗaya ya ɓace nan take zai gane. Mu masu haɗe-haɗe ba haka muke ba. Mu ne za mu ɗauki gangar jikin wannan tanka, mu ɗora mata kan wata, mu ƙara mata igwar wata ta uku, mu fito da motar da ba a taɓa ƙerawa a wata masana'anta ba. Ba ma neman cikakken kwali. Ragowar wani ma tana faranta mana rai, domin ƙafa ɗaya ko ƙofa ɗaya na iya buɗe mana sabon tunani. Wannan sassaucin namu shi ne ƙofar da ya shigo ta ciki. Tunda babu jerin abin da ke cikin buhu, duk shirgin da ya aiko sai ya ce ai gauraye ka saya, gauraye kuma aka kawo maka.

Kuma ya iya zance. A rubuce-rubucensa yakan kawo labarai na gaskiya domin a ɗauka ɗan gida ne. Zai ce ai tankar Maus ta Jamus, mai nauyin tan 188, wadda ke gidan tarihin Kubinka a Rasha, ita kanta haɗi ce: cikin biyun da aka ƙera, gangar jikin ta farko aka ɗora wa kan ta biyu. Gaskiya ne. Zai ce Masar ta ɗora kan AMX-13 ta Faransa a jikin Sherman ta Amurka. Wannan ma gaskiya ne. Amma duk wanda ke da data zai iya kwafo waɗannan, ba su nuna cewa yana da kaya ko guda a ɗakinsa ba. Ya kuma san Bauchi gari ne da ke da makarantar sojojin sulke, ya san yaranmu sun tashi suna ganin waɗannan motoci da idonsu suna sha'awarsu, shi ya sa yake yawan sa hotunan T-72 da Scorpion, yana cewa manyan hafsoshi ma a wurinsa suke saye. Babu wata shaida da ya taɓa nunawa kan haka.

Hotunan da yake sawa ba nasa ba ne. Wani ɗan uwanmu ya sa uku daga ciki a Google Lens, sai ga su a shafukan masu wannan aiki na ƙasashen waje, an wallafa su tun shekarun baya. Ya yanke gefen hoton ne kawai inda mai aikin ya sa sunansa.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Zai ce buhu ɗaya N25,000, kuma a ciki akwai sassan kamfanonin Tamiya da Trumpeter da Zvezda masu girman 1/35 (wato ɗaya bisa 35 na girman motar gaske), har da kawunan tanka biyu ko uku da sarƙoƙin da tanka ke tafiya a kansu. Idan ka nuna sha'awa sai ya ce saura buhu biyu, wani daga Kano yana jira. Ka tura kuɗi, ya turo maka hoton wani ƙunshi da aka naɗe da salatif an rubuta sunanka da maka. Bayan kwana kaɗan sai ya dawo ya ce kaya sun maƙale, ana neman kuɗin kwastan, ko direba ya ƙara kuɗin saƙo. Ka lura, kayan da ya ce suna ɗakinsa tun farko, har ya nuna maka hotonsu a ɗaure, su ne kuma yanzu suke hannun kwastan. Mafi yawan waɗanda suka biya karo na biyu daga nan ya toshe lambarsu. Kaɗan ne ya aiko wa wani abu a tasha, kuma ina ganin yana yin haka ne domin a samu masu cewa ai ni kayana sun iso.

To me ya iso? A ƙunshin farko, fiye da rabi kayan wasan yara ne da aka farfasa, irin tankokin roba da kowa ke gani a tebur a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Babu laifi ga masu sayar da su a can, domin sun faɗa maka kayan wasa ne kuma kuɗin kayan wasa ka biya. Laifin shi ne a kakkarya su a zuba a leda a kira su Tamiya. Sauran kuwa firam ne na gaske, wato sandunan robar da sassa ke zuwa manne a jikinsu, amma an riga an yanke duk abin da ke da amfani: babu kan tanka, babu bututun igwa, babu ƙafafu, sai ƙananan maɗaurai da sandunan firam ɗin. A ƙunshi na biyu akwai kan tanka guda mai kyau, amma na 1/72 ne, shi kuwa mai sayen gangar jiki ta 1/35 yake da ita a gida. Ɗora wannan kan wancan tamkar sa wa ƙato hular jariri ne. Da ya yi ƙorafi sai aka amsa masa da cewa ai mai haɗe-haɗe ba ya zaɓe.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ina so ƙannenmu da suka shigo kwanan nan su ji da kyau. Mai haɗe-haɗe ya fi kowa buƙatar ma'auni. Motar ƙirƙira ce, amma sojan da zai shiga ta ƙofarta dole ya yi daidai da ƙofar. A ma'aunin 1/35 mutum yana kaiwa kamar santimita 5, a 1/72 kuwa bai cika biyu da rabi ba. Gangar jikin T-55, wadda a zahiri ta ɗan haura mita 6, tana zuwa wajen santimita 18 a 1/35, kusan 9 a 1/72. Wani lokaci mukan ari ƙaramin abu daga wani ma'auni da gangan, mu mayar da kan ƙaramar tanka ya zama mazaunin bindiga a saman babba. Amma wannan zaɓinmu ne bayan mun auna, ba abin da mai kaya zai ɓoye mana ba.

Akwai kuma wasu sassa na rezin (wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare) a ƙunshin, masu ɗanƙo a hannu, da wari, da ƙananan ramuka na kumfa a jiki. Kwafi ne da wani ya zuba daga aikin wani, bai ma auna haɗin daidai ba. Irin wannan fenti ba ya zama a kansa yadda ya kamata, kuma yakan fito ya ɗan ƙanƙance, layukansa sun dushe. Wanda ya samu irinsa kada ya goga masa samfefa a bushe a cikin ɗaki, ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu. A jiƙa da ruwa, a rufe hanci, a yi a waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ƙunshin farko ya faɗa wa. Yaro ne ɗalibi a nan Gwallameji, wanda ya daɗe yana ƙera motocin sulke da kwali da gwangwanin madara da wayar keke, kuma wallahi hannunsa ya fi na da yawa daga cikinmu masu sayen kwalaye. Ya tara kuɗin ne a hankali domin ya taɓa robar gaske karo na farko. Da ya kawo mini ledar bai ma san an cuce shi ba, tambayata yake me ya sa gam ɗin ya ƙi kamawa, ko shi ne bai iya ba. A ce mutum ya ci kuɗin yaro, sannan ya bar shi yana zargin hannunsa, wannan ya wuce sata.

Dalilin ƙin kamawar shi ne abin da kowa zai iya gwadawa. Kwalayen gaske da robar folistirin ake yin su. Gam ɗin da muke amfani da shi narkar da fuskar robar yake yi, sassa biyu su zama ɗaya. Ɗiga kaɗan a jikin firam, ka taɓa da tsinke bayan ɗan lokaci, za ka ji ya yi laushi. Yawancin kayan wasan yara masu araha wata roba ce daban, mai santsi, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa, gam ɗin ya bushe a kanta bai yi mata komai ba, fenti kuma ya ɓare da farce. Idan babu gam a kusa, yanki ɗan guntun firam ka jefa a kofin ruwa ka danna shi ƙasa: folistirin yana nutsewa a hankali, waccan robar tana tasowa. Sai dai kada a yi gwajin da sarƙa, domin wasu kwalayen gaske ma da sarƙa mai laushi suke zuwa.

Amma wannan gwaji ne na bayan kuɗi sun fita. Kafin su fita, abu ɗaya nake roƙo: kiran bidiyo, kai tsaye, kaya a hannunsa. Ka ce ya ɗaga firam ɗin kusa da kyamara. Firam na gaske yana da harafi, A ko B ko C, kowane sashe yana da lambarsa a gefe, kuma galibi akwai sunan kamfani ko lambar kwalin a jiki. Kwalayen Tamiya na 1/35 na motocin soja yawanci lambarsu da 35 take farawa, misali T-55A ita ce 35257. Ka ɗauki lambar da ya nuna ka duba a shafin Scalemates, za ka ga ko akwai kwalin, wane kamfani ya yi shi, da ma'auninsa. Ka ce ya ɗora rula a jikin gangar. Ka ce ya ƙirga ƙafafu: T-55 biyar gare ta a kowane gefe, da tazara tsakanin ta farko da ta biyu, T-72 kuwa shida. Ka ce ya rubuta kwanan watan ranar a takarda ya ajiye a kan kayan. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan, minti biyar ne. Shi wannan mutumin kullum kyamararsa ta lalace, ko netwok ba kyau, ko yana kan hanya.

Farashin ma ya isa ya tsayar da mutum. Sabon kwalin Tamiya na tanka irin wannan ba kasafai yake sauka ƙasa da dala 30 a shagunan waje ba, ba a sa kuɗin jirgi ba. Ka buga da canjin yau, sannan ka tambayi kanka yadda kawuna uku da sarƙoƙinsu za su zo Bauchi a N25,000.

Kwanan nan ya ɓullo da wani sabon salo, wai adashin kwantena: mutum goma su haɗa kuɗi, ya yi odar kwalaye daga China a farashin sari. Ya buɗe zaure a WhatsApp inda wasu lambobi ke ta yabo suna sa hoton kayan da suka karɓa. Babu ko ɗaya daga cikin masu yabon da wani namu ya taɓa gani ido da ido, kuma duk wanda ya yi tambaya mai nauyi sai a cire shi. Wanda ke cikin zauren nan ya ɗauki hoton duk abin da ke ciki kafin ya fita.

Ba ina cewa a daina sayen ragowar sassa ba. Da su muke rayuwa, kuma akwai mutanen kirki a Jos da Kano da Abuja da muka daɗe muna ciniki da su ba a taɓa jin kansu ba. Bambancin shi ne sukan shimfiɗa kayan a tebur su ɗauki hoto, su faɗa maka wannan na kwali kaza ne, wannan ya karye, wannan babu ɗan uwansa. Idan mai kayan baƙo ne gare ka, nemi wani naka a garin ya je ya gani, shi ya biya, shi ya kai tasha.

Wanda kuɗinsa ya riga ya tafi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a rubuce, da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarsu, domin saurin kai ƙara shi ke ba da damar a riƙe asusun kafin a kwashe. Asusun banki yana haɗe da BVN ko NIN, saboda haka akwai zaren da hukuma za ta bi. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Gombe. Ya kai ƙarar shafin ga Facebook. Kada ya zubar da ledar da aka aiko, ko takardar da ke manne a jikinta, ko lambar direban da ya kira shi a tasha. Muna haɗa bayanan waɗanda abin ya shafa domin mu shigar da ƙara guda tare, don haka duk wanda ya tura wa mutumin nan kuɗi, ko kaya sun iso ko ba su iso ba, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.