Baƙar ƙasar masu fulawa a Kaduna: ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi

Duk mai ɗan fili a bayan gida a garin nan ya san masu sayar da dashe da ke jere a bakin titi, daga Unguwar Rimi zuwa Malali da Barnawa. Ban da fulawa da dashen mangwaro da gwaiba, da yawansu na da tulin baƙar ƙasa a gefe, ana auna ta da buhu ko baro, mai babban aiki kuma a kai masa tifa guda. A wurin ɗaya daga cikinsu na saya, don fangalin alayyahu da latas.

Ƙasar ta gaske ce, wannan ba na ja. Mai wurin ya ce daga fadamar bakin Kogin Kaduna ake ɗebo masa da rani, hannuna kuma ya gaskata shi. Na jiƙa kaɗan na murza a tafi, ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, ka ga laka ce. Na fasa wani busasshen dunƙule, cikinsa toka-toka ne, da jan ɗigo-ɗigo na bin inda saiwa ta taɓa ratsawa. Jan nan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasar ce, ba ta fitowa haka sai inda ruwa ke kwanciya ya janye duk shekara.

Baƙin kuwa ragowar ciyawa ne da ganye da saiwa, kuma fiye da rabin nauyin irin wannan ruɓaɓɓen abu sinadarin kabon ne. A tudu iska na ratsa ƙasa, ga zafi, sai gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye shi nan da nan, kabon ɗin ya bi iska. Shi ya sa yawancin gonakin tudun Arewa kabon ɗinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A fadama, da ruwan Yuli da Agusta ya kwanta, iskar oksijin sai ta ƙare a cikin ƙasa, ruɓa ta yi nawa, abin ya yi ta taruwa. In ruwan ya janye, laka da ƙarfen nan su riƙe abin da ya saura, su kulle shi cikin 'yan ƙananan dunƙulaye inda halittun ba sa iya kai masa baki. Ambaliya kuma ta zo ta shimfiɗa sabuwar laka a kai. Haka ake yi shekara da shekaru kafin a samu abin da yaro zai kwashe da shebur cikin wuni guda.

To, nan ne ƙorafina yake. Da na tambayi mai wurin irin takin da zan haɗa, cewa ya yi, "Hajiya, wannan ba ta son taki, zuba kawai ki shuka." Na ce, "Malam, har yaushe?" Ya yi dariya. Ruwa ne da rashin motsi suka tsare wannan baƙin, ga shi an haƙo ta, an farfasa, an baza a rana. Shukar farko alayyahu ya yi ganye fato-fato, don abin da ke kulle ya soma ruɓewa yana ciyar da shi. Da shekara ta zagayo launin ya koɗe, fangalin ya tsattsage, ruwan da na zuba sai ya bi tsaga ya wuce. Wanda aka ce masa ba ta son taki, a nan zai ɗauka cutarsa aka yi.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Ta zo da aya-aya, har yau cira nake. Buhu ɗaya samansa baƙi, gindinsa rairayi. A tukunyar fulawa kuma kada a zuba ta zalla, riƙe ruwa take, haka dashen attaruguna ya ruɓe daga saiwa.

Yanzu haɗa ta nake da ɓuntun shinkafa da busasshen kashin shanu, in rufe saman fangalin da ciyawa, ba na kuma yawan kaftu. Ta dawo da laushi, har tsutsar ƙasa, wato tana, ta soma fitowa a ciki. Da haka buhu kaɗan ya isa, wanda ya fi min daɗi a rai, don duk tifar da ta shigo gari wani mai noman rani ne aka bar wa rami a inda yake dasa tumatir.

Mai niyyar sayen tifa-tifa don babban lambu, gara ya fara kai samfur a gwada masa, akwai masana ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Mai sayen buhu kuwa, ya sa a zazzage masa shi a ƙasa kafin ya biya.